Gidajen Fatalwa a Tafin Hannu: Wasannin Neman Ɓoyayyun Abubuwa da Kasuwar Tsoro

Wasan neman ɓoyayyun abubuwa yakan fara ne da ƙofa a garƙame. A kan allon waya ko na kwamfuta sai hoton wani tsohon gidan bene ya bayyana, hazo ya lulluɓe shi, tagoginsa a farfashe, hankaka na zaune a kan ƙyauren ƙarfe. Babu mai gadi, babu maƙwabci. Fitila ɗaya ce ke ci a ɗakin sama, alhali labarin ya ce shekara ɗari ke nan rabon da wani ya kwana a gidan.

Mai wasa ba shi da bindiga, ba shi da takobi. Ido da yatsa su ne kayan aikinsa. Idan ya latsa tulin tarkacen da ke gindin wata bishiya, hoton zai matso kusa, a ƙasan allo kuma a jero masa sunayen abubuwa kamar goma sha biyu: almakashi, kyandir, gashin tsuntsu, agogon aljihu, ƙaho, mabuɗi. Dukkansu suna cikin hoton, sai dai mai zane ya saje su da abin da ke kewaye da su. Almakashin na iya kwanciya a jikin reshe mai launi irin nasa, mabuɗin kuma ya shige tsakanin haƙoran wani tsohon mataji. In an gama jerin, wasan yakan bar wa mai wasa abu guda, wataƙila mabuɗin nan, wanda da shi zai buɗe kwaɗon ƙyauren.

Kimanin shekara ashirin ke nan wannan nau'in wasa yana riƙe da kasuwarsa. Miliyoyin mutane ke buga shi, kuma akasarinsu ba samarin da aka saba dangantawa da gem ba ne. Yaɗuwar wayoyin Android ta kai shi ƙasashen da masu ƙera shi ba su yi lissafi da su ba tun farko, ta kuma sauya yadda ake sayar da shi, har ta taɓa yadda ake gina labarinsa.

Yadda ake buga shi

Cikakken wasa na wannan nau'i yana tsaye ne a kan ginshiƙai uku. Na farko shi ne filin nema, wato hoton da aka cika da shirgi. Wani lokaci sunayen abubuwa ake bayarwa, wani lokaci inuwarsu kawai, wani lokaci kuma gutsattsarin abu ɗaya ne aka warwatsa, sai an tattara su a harhaɗa.

Na biyu shi ne wasa ƙwaƙwalwa. Kusan kowace ƙofa da kowane akwati suna da nasu irin makulli: faifai masu juyawa da za a daidaita har hoto ya fito, wayoyin lantarki da za a haɗa ba tare da sun gitta juna ba, ƙararrawa da za a kaɗa bisa jerin da aka gani a zane a bangon wani ɗaki.

Na uku shi ne yawo da jaka. Mai wasa yana kewaya ɗakuna da lambu da maƙabarta, duk abin da ya tsinta yana shiga ma'ajiyar da ke ƙasan allo. Ya ga tocila babu batir, ya ga rijiya babu guga, ya ga hoton bango da aka yanke wa fuska. Bayan ɗakuna biyar zai ci karo da batir, sai ya tuna da tocilar. Daɗin wasan yana cikin wannan tunawa, lokacin da abin da aka wuce tun ɗazu ya haɗu da abin da aka tsinta yanzu.

Akwai maɓallin taimako ga wanda ya cije, kuma bayan an latsa shi sai an jira ya sake cika. Akwai taswira mai nuna inda aiki ya rage, da littafin da ke adana duk wata lamba ko alama da aka gani. Mai latse-latse barkatai da fatan dacewa, wasu wasannin sukan hukunta shi ta hanyar daskarar da allo na ɗan lokaci. Wasa guda yakan ɗauki awa uku zuwa biyar kafin a kai ƙarshen labari.

Daga takarda zuwa kwamfuta

Neman abu a cikin hoto ya girmi kwamfuta. Mujallar yara ta Highlights a Amurka tana buga shafin ɓoyayyun hotuna tun 1946. A 1987 mai zane ɗan Birtaniya Martin Handford ya fitar da littafin Where's Wally?, inda ake neman mutum ɗaya mai riga ja da fari a cikin dubban jama'a. A 1992 Jean Marzollo da mai ɗaukar hoto Walter Wick suka fara jerin littattafan I Spy, masu haɗa kacici-kacici da hotunan tarkacen da aka jera da gangan. Kamfanin Scholastic ya mayar da su wasannin kwamfuta, kuma a 1999 ya fitar da I Spy Spooky Mansion, inda yaro ke neman hanyar fita daga gidan fatalwa.

Ɗaya jijiyar ta fito ne daga wasannin bincike na kwamfuta. A 1980 Roberta Williams ta tsara Mystery House, labarin kisan kai a wani tsohon gida, wanda ake lissafa shi cikin wasannin bincike na farko da suka zo da zane. A 1993 Myst da The 7th Guest suka nuna cewa mutane za su biya kuɗi don su yi yawo a hankali a wurin da babu kowa, suna warware makullai ɗaya bayan ɗaya.

Jijiyoyin biyu sun haɗu a hannun Big Fish Games, kamfanin da Paul Thelen ya kafa a birnin Seattle a 2002. A ƙarshen 2005 ya fitar da Mystery Case Files: Huntsville, wasan neman abubuwa zalla, mai agogo a gefe da labarin ƙananan masu laifi. Karɓuwar da ya samu ta sa kamfanoni da dama suka bi sahu cikin 'yan watanni.

Gidan Ravenhearst

Sauyin da ya kawo tsoro cikin harkar ya zo ne a ƙarshen 2006, da fitowar Mystery Case Files: Ravenhearst. An tura mai wasa wani kango a kusa da Blackpool ta Ingila, yana tattara yagaggun shafukan littafin sirri na wata budurwa, Emma Ravenhearst, wadda ta zo daga Amurka a ƙarshen ƙarni na 19. Shafi bayan shafi ake gano yadda mai gidan, Charles Dalimar, ya hana ta tafiya bayan ta ƙi aurensa. Kowace ƙofa a gidan tana da makulli na ban mamaki da aka harhaɗa daga tarkace. A wannan wasa ne neman abubuwa ya sami dalili: ana nema ne don a san abin da ya faru da yarinyar.

Return to Ravenhearst na 2008 ya ƙara yawo tsakanin wurare da jakar kayan aiki, tsarin da ya zama ma'auni har yau. Dire Grove na 2009 ya shigo da faifan bidiyo na 'yan wasan kwaikwayo na gaske, a labarin wasu ɗalibai huɗu da suka ɓace a ƙauyen da ƙanƙara ta rufe. Shi ne kuma ya buɗe al'adar bugu na musamman, wanda ake sayarwa kusan ninki biyu na farashin da aka saba, a ƙara masa babi ɗaya, da littafin jagora, da ƙananan abubuwan tarawa da aka ɓoye a kowane hoto.

Tsarin ciniki a lokacin mai sauƙi ne. Mutum ya sauke wasa, ya buga awa ɗaya kyauta, in ya yi masa sai ya biya kimanin dala goma, ko ashirin in bugu na musamman ne. Daga nan wasan ya zama nasa.

Masu ƙera su

Ko da yake manyan masu saye suna Amurka da Yammacin Turai, yawancin wasannin an zana su ne a Gabashin Turai, inda ake da ƙwararrun masu zane kuma kuɗin aiki bai kai na Yamma ba. Artifex Mundi na ƙasar Poland ya yi suna da Enigmatis: The Ghosts of Maple Creek na 2011, labarin mai bincike da ta farka bayan guguwa ba ta tuna komai, da Nightmares from the Deep: The Cursed Heart na 2012, inda gawar wani ɗan fashin teku ta tashi a gidan tarihi ta sace 'yar mai kula da gidan.

Elephant Games, wanda ya faro daga Rasha, shi ya ƙera jerin Mystery Trackers da Grim Tales. Eipix na birnin Novi Sad a Sabiya ya karɓi ragamar shahararrun jeri da dama, har da Mystery Case Files ɗin kansa na wani lokaci. ERS Game Studios ya gina jerin Dark Tales a kan labaran marubucin Amurka Edgar Allan Poe. Daga Asiya kuma Blue Tea Games ya fito da Dark Parables, wanda ke ɗauko tatsuniyoyin Turai ya juya su zuwa labaran tsinuwa.

Girman kuɗin da ke cikin harkar ya bayyana a cinikin Big Fish. A 2014 kamfanin Churchill Downs ya saye shi a kan kuɗin da ya doshi dala miliyan 900, bayan 'yan shekaru kuma ya sayar wa Aristocrat na Ostireliya a kan kusan dala biliyan ɗaya. Sai dai a lokacin wasannin caca na waya ne suka fi jawo wannan farashi, kuma hakan ya nuna inda hankalin masu zuba jari ya karkata.

Me ya sa sai kango da maƙabarta?

Dalili na farko na aiki ne. Filin nema yana buƙatar shirgi, kuma shirgi yana buƙatar hujja. Ɗakin da mutane ke zaune a ciki ba ya tara ƙaho da keken ɗinki da kan barewa wuri guda. Gidan da aka ƙaurace wa, ko asibitin da aka rufe, ko jirgin ruwan da ya nutse, su ne wuraren da ido zai yarda da irin wannan hargitsi.

Na biyu shi ne duhu. Inuwa da ƙura da saƙar gizo-gizo suna ba mai zane wuraren ɓuya, hasken kyandir kuma yana jan ido zuwa gefe guda ya bar ɗaya gefen.

Na uku shi ne tattali. Kango ba ya buƙatar mutane da yawa, kuma zana mutum mai motsi da magana ya fi zana ɗaki tsada. Wasiƙa a kan tebur da hoton bango da fatalwa mai bayyana na daƙiƙa biyar sun isa su ɗauki labari.

Na huɗu shi ne gado. Adabin Turai yana da tsohuwar al'adar labaran gidajen sarauta masu sirri, tun daga The Castle of Otranto na Horace Walpole a 1764, zuwa Frankenstein na Mary Shelley a 1818, da Dracula na Bram Stoker a 1897. Waɗannan littattafai sun tsufa har haƙƙin mallakarsu ya faɗi, kowa na iya ɗiba ba tare da biyan kowa ba. Bikin Halloween na ranar 31 ga Oktoba kuma yana ba kamfanonin kakar ciniki duk shekara.

Tsoro mai linzami

Abin da ya raba waɗannan wasanni da wasannin tsoro irin su Resident Evil shi ne babu mai bin mai wasa da gudu. Fatalwa na iya leƙowa ta madubi, ƙofa na iya bugawa da kanta, amma ba a mutuwa, ba a komawa farko. Hoton zai tsaya yana jira ko da mai wasa ya ajiye waya ya tafi ya dawo. Shi ke da ikon buɗe ƙofa ta gaba, a lokacin da ya ga dama.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna nazarin dalilin da ke sa mutum ya nemi tsoro da kansa. A Jami'ar Aarhus ta Denmak akwai cibiyar da ta keɓanta da binciken tsoron nishaɗi. A wani nazari da ta wallafa a 2020, an ɗaura wa mutum ɗari da 'yan kai na'urar auna bugun zuciya yayin da suke ratsa gidan tsoro na wasa. Sakamakon ya nuna daɗin ya fi yawa a tsakiya: in tsoron ya yi kaɗan sai gundura, in ya yi yawa sai daɗin ya gudu. Wasannin neman abubuwa suna zaune ne a kan wannan tsakiyar da gangan.

Wanda ya tashi da tatsuniyar dare ya san wannan yanayi. Yara suna matsowa jikin mai ba da labari idan Dodo ya shigo, gabansu na faɗuwa, amma babu mai tashi, domin kowa ya san a tsakar gida yake kuma labarin zai ƙare.

Wani abin lura shi ne yadda labaran ke ƙarewa. A mafi yawansu fatalwar ba maƙiyiya ba ce, wadda aka zalunta ce take neman a tona gaskiya. Aikin mai wasa gyara ne: ya haɗa abin da ya karye, ya mayar da kowane abu mazauninsa, ya saki wanda aka ɗaure. Ya shiga wuri a hargitse ya bar shi a kintse, kuma masu bugawa da yawa suna ambaton wannan a matsayin abin da ke kwantar musu da hankali bayan aikin yini.

Su wa ke bugawa

Kamfanonin da kansu sun sha bayyana cewa mata ne suka fi yawa a cikin masu sayen wasannin, kuma da yawansu sun haura shekara talatin da biyar. Hakan ya bar alama a kan labaran. Jarumar takan kasance mace: uwa mai neman 'yarta, 'yar jarida, mai bincike, ko wadda ta gaji gidan da ba ta san da shi ba.

Wasan ba ya buƙatar saurin yatsa ko kwamfuta mai tsada, shi ya sa dattawa da masu jinya da waɗanda ba su taɓa riƙe abin buga gem ba suke iya shiga kai tsaye. Akwai iyalai da ke buga shi tare, ɗaya na riƙe da na'ura sauran na nuni da yatsa.

Masu sukar nau'in suna da nasu ƙorafi. Sukan ce labaran sun yi kama da juna, kuma hankali ba ya ɗaukar wasu ƙa'idojin: jaruma ta yar da wuƙa bayan ta yanka igiya ɗaya, sannan ta kwashe rabin awa tana neman wani abu mai kaifi. Masoyansa kuma sukan amsa cewa sabo da tsarin na cikin abin da suke so, domin hutu suka zo nema.

Komawa waya, da farashin kyauta

A 2012 kamfanin Pretty Simple na Faransa ya saki Criminal Case a Facebook, ya tara miliyoyin masu bugawa ba tare da karɓar ko kwabo a bakin ƙofa ba. Daga nan aka bi wannan hanya a waya. Hidden City na G5 Entertainment da Seekers Notes na MyTona sun kafa labaransu a garuruwan da hazo ko tsinuwa ta rufe. June's Journey, wanda Wooga na birnin Berlin ya fitar a 2017, ya koma shekarun 1920 da labarin kisan gilla, kuma kuɗin da ya tara tun fitowarsa ya haura dala biliyan ɗaya.

Banza ba ta kai zomo kasuwa. A waɗannan wasanni kowane shiga filin nema yana cin wani ma'auni da ake kira kuzari. In ya ƙare, ko a jira ya taru a hankali, ko a kalli talla, ko a saya da kuɗi. Fili ɗaya ana maimaita shi sau da dama don a tara taurari, agogo ya dawo, ga gasar mako-mako da ƙungiyoyin da ke sa mutum jin nauyin abokan wasa in bai leƙo ba.

Babban bambancin yana cikin labari. Tsohon tsari yana sayar da labari mai farko da ƙarshe, ribar kamfani ita ce mai wasa ya gama ya gamsu ya sayi na gaba. A sabon tsari ribar tana cikin kada a gama, don haka ake ƙara babi a kai a kai, sirrin kuma ba ya warwarewa gaba ɗaya. Linzamin da ke hannun mai wasa a da, wani ɓangarensa ya koma hannun kamfani. Kaso kaɗan na masu bugawa ne ke biyan kuɗi, amma a cikinsu akwai masu kashe abin da ya ninka farashin tsohon wasa sau da yawa.

Amfani ga ƙwaƙwalwa: iƙirari da hujja

Tallace-tallace sukan ce wasannin suna kaifafa ƙwaƙwalwa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ba ta kai yadda ake kururutawa ba. Wani nazari da aka yi a Jami'ar Fasaha ta Nanyang a Singafo, aka wallafa a 2013, ya sa rukunonin mutane buga wasanni daban-daban na awa ɗaya a rana har mako huɗu. Waɗanda suka buga wasan neman abubuwa sun inganta wajen lalubo abu da ido da riƙe wuraren abubuwa a ka. Wato an ƙware ne a kan abin da aka yi ta maimaitawa da makamantansa na kusa.

Tsallakawa daga nan zuwa cewa wasa yana hana mantuwar tsufa wani zance ne daban. A 2016 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta sa kamfanin da ke da manhajar Lumosity ya biya dala miliyan 2 saboda irin wannan iƙirari da bai iya kafa masa hujja ba. Abin da za a iya faɗa ba tare da ƙari ba shi ne wasannin suna horar da haƙuri da lura, suna sa karatu, kuma mai koyon baƙon harshe yakan tsinci sunayen abubuwa masu yawa saboda yana ganin kalma da hotonta a lokaci guda.

Illoli da damuwar iyaye

Ƙura wa ƙaramin allo ido ana neman allura a cikin duhu yana gajiyar da ido, ya kawo bushewa da ciwon kai. Likitocin ido suna ba da shawarar a ɗauke kai duk bayan minti ashirin, a dubi abu mai nisa na daƙiƙa ashirin. Buga wasa a kan gado kuma yana cin lokacin barci, musamman da yake kowane babi yana ƙarewa ne a kan ƙofar da ba a buɗe ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya matsalar kamuwa da wasannin gem a cikin kundinta na cututtuka a 2019, ya fara aiki a 2022. Alamominta uku ne: kasa sarrafa lokacin wasa, fifita shi a kan sauran al'amuran rayuwa, da ci gaba da shi duk da ɓarnar da yake jawowa, kuma yawanci sai abin ya kai shekara guda. Hukumar ta nuna cewa kaso kaɗan na masu wasa ne abin ke shafa.

Batun kuɗi ma ya taɓa kai manyan kamfanoni gaban hukuma. A 2014 Apple ya amince ya mayar wa iyaye sama da dala miliyan 30, Google kuma kusan miliyan 20, saboda sayayyar da yara suka yi a cikin manhajoji ba da izini ba. Sanya kalmar sirri a kan kowace sayayya yana toshe wannan ƙofa.

Sai abin da labaran ke ɗauke da shi. Sihiri, duba, kiran ruhin matattu da kurwar mamaci mai yawo suna cika su, kuma wasan Madame Fate na 2007 kacokan a kan wata mai duba aka gina shi. A gidajen da addini ke da ƙarfi, na Musulmi da na Kirista, akwai iyayen da ke ganin bai dace yaro ya saba da waɗannan hotuna ba. Wasu kuma suna ɗaukarsu ƙagaggen labari da babba zai iya bambancewa, su taƙaita hanin ga ƙananan yara. Alamar shekaru da ke jikin kowane wasa tana taimaka wa kowane ɓangare. Tsarin PEGI na Turai yana raba wasanni zuwa shekara 3, 7, 12, 16 da 18, kuma hoton gizo-gizo shi ne alamarsa ta abin tsoro.

Shingen harshe da aljihu

Wasannin sukan fito da Turanci, sannan a fassara su zuwa Jamusanci, Faransanci, Rashanci, Sifaniyanci da wasu manyan harsunan kasuwa. Mai wasa a Kano ko Maraɗi yana bugawa ne da Turanci ko Faransanci, kuma jerin sunayen na iya zame masa wasa ƙwaƙwalwa na biyu, domin kayan gidajen Turai na ƙarni na 19 ba abubuwan da ake koyarwa a aji ba ne. Kalma ɗaya a Turanci tana nufin jemage tana kuma nufin sandar buga ƙwallo, masu tsara wasan kuma suna amfani da irin wannan ruɗani da gangan. Filayen da ke nuna inuwar abu maimakon sunansa sun fi sauƙi ga kowa.

Farashi da dala ake yanka shi, don haka nau'in kyauta ne ya fi isa ga masu waya a wannan yanki, wato nau'in da ya fi yawan talla da cin data. Cikakkun wasanni masu labari suna da nauyi wajen saukewa, wasu sukan kai gigabait ɗaya, amma da yawansu ba sa buƙatar intanet bayan an sauke, kuma sukan ba da babin farko kyauta kafin a nemi biya sau ɗaya.

Inda harkar ta dosa

Kasuwar kwamfuta ta ragu idan aka kwatanta da shekarun da Big Fish ke alfahari da fitar da sabon wasa kowace rana. Rufe fasahar Flash a ƙarshen 2020 ya tafi da ɗimbin ƙananan wasannin da ake bugawa kai tsaye a intanet. Duk da haka tsofaffin jeri suna ci gaba da fitowa, kuma Artifex Mundi da wasu sun kai nasu kan Steam da na'urorin PlayStation, Xbox da Nintendo Switch.

Ƙananan kamfanoni masu zaman kansu sun buɗe wasu hanyoyi. The Room na 2012 daga Birtaniya ya tattara dukkan sirrin a cikin akwatunan da ake jujjuyawa da yatsa. Jerin Cube Escape na Rusty Lake daga Holan, wanda ya fara a 2015, ya zo da tsoro mai rikitarwa irin na mafarki. Hidden Folks na 2017 ya watsar da tsoro baki ɗaya, ya koma zanen hannu baƙi da fari. A gefe guda kuma shigowar ƙirƙirarriyar basira cikin zanen hotuna ta jawo muhawara, domin filin nema mai kyau yana buƙatar mai zanen da ya ajiye kowane abu da niyya, ya ɓoye shi ba tare da ya zalunci mai nema ba.

Ga mai son gwadawa, tambayoyi uku sun isa su raba masa wasannin: shin labarin yana da ƙarshe, shin biya ɗaya ake yi ko kuzari ake saye, kuma shekara nawa aka rubuta a jikinsa. Amsoshin suna nan a shafin kowane wasa a Play Store ko App Store, kuma su ne ke nuna ko awa huɗu na labari mutum zai samu, ko wasan da aka tsara don ya riƙa dawowa kullum.